Bitar kwana uku a otal ba ta hana ƙanjamau

Duk wanda ya taɓa shiga harkar ƙungiyoyin unguwa a arewa ya san yanda abun yake tafiya. Za a kira ku bita, kwana uku a wani otal, a ba kowa jaka da biro da wani ƙaton littafi mai hoton mutane suna murmushi, wani ya zo daga Abuja ya yi ta haska rubutu a jikin bango da turancin da rabin ɗakin ba sa bi, a sha shayi ƙarfe sha ɗaya a ci shinkafa ƙarfe biyu, ranar ƙarshe a ɗauki hoto a gaban bana a sa hannu a karɓi kuɗin mota, shikenan wai an horar da ku. Na zauna a irin wannan zaman ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma ni ma na karɓi kuɗin motar, ba zan yi ƙarya ba. Abun da ke damuna shi ne bayan wata shida in ka leƙa ofishin ƙungiyar, wanda yawanci shago ne guda da benci biyu, za ka tarar da littafin nan a loka ya yi ƙura, su kuma suna nan kan abun da suka saba, ranar 1 ga Disamba, ranar ƙanjamau ta duniya, a sa riga da hula a zaga gari da lasifika a raba takardu a dawo gida.

Kuma fa ba shirme ne a cikin littafin ba. Da yawa daga shirye-shiryen da ake kawowa an gwada su da gaske a wani wuri, an raba mutane gida biyu, waɗannan an musu waɗancan ba a musu ba, an bi su wata da watanni an ga bambanci a ƙasa. To me ya sa abu zai yi aiki a hannun masu bincike amma in ya zo hannun ƙungiyar matan Islamiyya ko ta matasan unguwa ko ta direbobin tasha sai ya zama ba shi ba? Mutane na saurin cewa ai 'yan ƙungiyar ne ba su da ilimi, ko kuɗin kawai suka zo ci. Akwai masu hakan, ban musa ba. Amma ni a ganina laifin ya fi yawa a yanda ake miƙa musu abun, kuma Amurkawa sun riga mu cin karo da wannan matsalar har sun zauna sun auna ta.

A can, hukumarsu ta yaƙi da cututtuka wato CDC ta lura tun cikin shekarun 1990 cewa jami'o'i na ta fitar da shirye-shiryen rigakafin HIV da suka ci jarrabawa amma duk a mujallun masana suke ƙarewa, ƙananan ƙungiyoyin da ke bin lungu ba su ma san da su ba. A 1996 sai ta fara ɗaukar irin waɗannan shirye-shirye tana sa a sake rubuta su da harshen da kowa zai gane a haɗa su a kwali guda, littafin mai koyarwa da bidiyo da fosta da komai, daga baya a farkon shekarun 2000 aka faɗaɗa abun da sunan DEBI aka dinga horar da dubban ma'aikatan ƙungiyoyi. Amma wanda ya fi tsaya min a rai wani gwaji ne da Jeffrey Kelly da abokan aikinsa na Milwaukee suka buga a shekarar 2000. Ƙungiyoyi 74 suka ɗauka suka kasa su uku. Kason farko littattafai kawai aka aika musu. Na biyu littattafai da bita. Na uku littattafai da bita, sannan bayan an watse aka ci gaba da kiransu a waya ana tambayarsu ina kuka tsaya, me ya gagara, ya za mu ɓullo masa. Waɗanda aka ci gaba da kira ɗin nan su ne suka fi ɗaukar shirin suka fi aiki da shi. Kiran waya fa kawai, a zamanin da babu WhatsApp. Sama da shekara 20 kenan da sanin haka, amma har gobe in ka duba kasafin da ake rubutawa a wurinmu otal da shinkafa ne ke cinye shi, layin bibiya in ma an sa shi to shi ake fara yankewa in kuɗi ya gaza.

Dalilin da ya sa bibiya ke da wannan nauyin ba wani ɓoyayye ba ne. Tambayoyin gaske ba sa zuwa a ɗakin bita, a can kowa gyaɗa kai yake. Suna zuwa ne ranar da shugabar ƙungiya ta buɗe littafi ta ga an ce zama shida, sati-sati, mata goma-goma, ita kuma ta san matan unguwarta ba za su iya fitowa sau shida ba don kowace fita sai da izinin maigida, ga damina ta shigo ga girki ga yara. Sai ta ce to mu haɗe zama shidan nan a yini ɗaya mu tara mata ɗari a firamare mu huta. A wurinta sauƙi ta nema wa kowa, amma ta kashe shirin ba ta sani ba, don abun da ya sa ya yi aiki tun asali shi ne ƙaramin rukunin nan da mace za ta iya buɗe baki a ciki, a gwada mata yanda za ta ɗago wa mijinta zancen gwaji ba tare da ya zama rigima ba, ta je ta jarraba ta dawo sati mai zuwa ta faɗi yanda aka kwashe, sauran su ba ta shawara. Da akwai wanda za ta kira, da sai ya ce mata Hajiya ki mayar da zaman bayan darasin Islamiyya tunda dama sun fito, ki canza sunayen da ke cikin labaran ki sa Ladidi da Malam Audu, amma don Allah kar ki taɓa yawan mutanen kuma kar ki cire gwajin maganar nan. Minti biyar a waya ya isa. Ba kowa a wayar, shi ya sa.

Masu harkar suna cewa kowane shiri yana da ƙashin bayansa da ba a taɓawa, yana kuma da rigarsa da kowa zai iya ɗinka ta daidai jikinsa. Ni da maganin maleriya nake kwatanta wa mutane. Ka haɗiye shi da koko ko da shayi, a gida ko a shago, ba ruwan maganin. Amma in an ce safe da yamma kwana uku ka sha na kwana ɗaya ka ajiye don ka ji dama, to kar ka zo kana cewa jabu aka sayar maka. Wahalar ita ce shirin da ake so ya canza halin mutane ba a rubuta masa a jikin kwali wanne ne kokon wacce ce ƙwayar ba, wani lokacin ma su kansu waɗanda suka ƙirƙiro shi ba su gama rabewa ba sai an kai shi wani gari ya faɗi.

Shi Kelly ɗin ma ya ga haka a kan nasa. Yana da wani sanannen shiri da ake kira POL, wanda ya fara gwadawa wajen 1990 a ƙananan garuruwan kudancin Amurka irin su Biloxi, a mashayun da maza masu neman maza ke taruwa, lokacin cutar na kashe su ba ingantaccen magani. Dabarar ita ce a sa masu sayar da abin sha a wurin su lura su faɗi su wane ne in sun yi magana ake ji, a ɗauko waɗannan a koya musu a zama huɗu yanda za su dinga saka zancen kariya cikin hirar yau da kullum, kuma su yi shi da bakin "ni ga yanda nake kare kaina yanzu" ba da bakin wa'azi ba. Mu'amala ba kariya ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka kwaikwayi abun a wuraren motsa jiki na Landan bai canza komai ba, masu binciken suka ce waɗanda aka horar ɗin nauyin tunkarar mutane suke ji, Kelly ya ce ai ba shirinsa suka yi ba, don nasa sai an samu wajen mutum 15 cikin kowane 100 na jama'ar wurin, kuma sai waɗanda ake ji da su da gaske ba duk wanda ya ɗaga hannu ba. To amma daga baya an yi babban gwaji a ƙasashe biyar, Sin da Indiya da Peru da Rasha da Zimbabwe, sakamakon ya fito a 2010, inda aka yi shirin da inda ba a yi ba duk haɗari ya ragu kusan daidai, don su ma waɗancan an ba su ilimi da gwaji da maganin cututtukan sanyi. Kenan kalmar nan "an tabbatar yana aiki" da ake buga mana a bangon littafi tana da gari tana da shekara tana da irin mutanen da aka yi ta a kansu, kuma haƙƙin ƙungiya ne a faɗa mata su.

Ku dubi kuma yanda mu muke zaɓen masu wayar da kan 'yan uwansu. Da an ji akwai alawus sai ka ga ɗan ciyaman da ƙanin kansila da ƙanwar matar sakatare. A tasha wanda ake jin maganarsa wataƙila mai shayi ne, ko wani tsohon ɗan kamasho da kowa ke kai wa ƙara, a majalisar matasa wataƙila wanda ya fi kowa iya barkwanci ne ko kyaftin ɗin ƙwallo. Da ɗan gari kan ci gari gaskiya ne, amma wane ɗan garin? In aka yi kuskure a nan sauran duk aikin baban giwa ne, kuma ba littafin da zai gano maka, sai wanda ya zo ya zauna a benci ya ga su wa aka zaɓa.

Misalin da na fi so a cikin gida yake, don kar a ce komai sai Amurka. A jihar Inugu, Dakta Echezona Ezeanolue da tawagarsa sun yi gwaji a coci 40, an buga shi a 2015, mutane sun fi saninsa da Baby Shower. Ranar Lahadi limamin coci zai kira masu juna biyu su fito gaba a yi musu addu'a, daga nan a shirya musu ɗan biki da wasan tambaya da amsa kan lafiya da kyautar kayan haihuwa, kuma a nan take a harabar cocin a ɗebi jini kyauta. Wayon da ke ciki shi ne ba gwajin HIV kaɗai ake yi ba, an haɗa shi da na ƙarancin jini da maleriya da sikila da ciwon hanta da tunjere, saboda haka wacce aka gani a layi ba mai cewa ga abun da ta zo nema. A cocin da aka yi haka mata 92 cikin 100 sun yi gwajin, a waɗanda aka ce musu kawai su je asibiti 55 ne, mazajensu ma adadin waɗanda suka yarda aka gwada su ya ninka sama da biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in ka san cewa uwar da ke ɗauke da cutar in ba ta kan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 na iya kamuwa a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono, in tana kan magani kuwa abun na sauka ƙasa da 5, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa a duniya.

To yanzu ɗauki wannan yanda yake ka kai wa ƙungiyar mata a Bichi ko Funtuwa. Ya mutu tun a mota. Mu ciki ɓoye shi ake yi, balle na fari, ga kunya ga tsoron baki, yarinya sai ta kai wata biyar uwar mijinta kaɗai ta gane, wa zai ce mata ta miƙe a gaban jama'a a yi mata addu'a? Wanda bai fahimci abun ba zai ce shirin na kiristoci ne ba namu ba ne, a rufe littafi. Wanda ya fahimta zai tambaya me ya sa ya yi aiki, sai ya ga ai biki da fitowa gaba duk riga ce, ƙashin bayan shi ne an kai gwaji inda mata suke zuwa dama, an ɓoye HIV a cikin wasu gwaje-gwajen da ba a jin kunyarsu, muryar da aka yarda da ita ce ta yi kiran, an jawo miji ciki, kuma bayan haihuwa an koma an bi sawu. Duk waɗannan muna da inda za mu rataye su. Akwai Islamiyyar matan aure da malamarsu, akwai ƙungiyar mata musulmi ta FOMWAN da aka kafa a 1985 mai rassa ko'ina, akwai ungozoma wacce ita ce ta fi kowa sanin mai ciki a unguwa tunda binciken lafiya na 2018 ya nuna mafi yawan matan arewa maso yamma a gida suke haihuwa, akwai ranar suna da kwana arba'in na wankan jego don bin sawu, ga sikila da yanzu kowane gida ya san zafinta ba mai jin kunyar a duba masa jini saboda ita. Maza kuwa liman ne bayan sallar asuba, ko irin makarantar mazaje da aka fara a Damagaram a Nijar inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu. Amma duk wannan lissafin baka ne har sai an yi shi a unguwa biyu ko uku an ƙirga mata nawa aka gwada, nawa aka samu, nawa suka isa asibiti suka fara magani, nawa aka gwada jariransu. Wannan ƙirgar ita ce ƙaramar ƙungiya ba ta iya tsarawa ita kaɗai, a nan ne take buƙatar na sama, ba a wajen koya mata menene HIV karo na goma ba.

Akwai kuma abun da ba a cika faɗa ba. Ƙarfin ƙungiyar unguwa shi ne ta san kowa kowa ya san ta, kuma rauninta kenan. Wacce ke riƙe da rijista maƙwabciyar kishiyarki ce, ɗan sa-kan da ya raka ka asibiti abokin ƙanin matarka ne. Sakamako ɗaya ya fita waje aure ya mutu, yara a daina cin abinci da su, kuma daga ranar ba mai sake miƙa hannu a unguwar. Akwai dokar hana tsangwamar masu HIV ta 2014 amma doka ba ta kama gulma. Saboda haka tun kafin a huda yatsan kowa sai an zauna da ƙungiya an yanke wa ke karanta sakamako, a ina ake faɗa wa mutum, ina littafin ke kwana, kuma sau da yawa gara ma'aikaciyar asibiti daga wani wuri ta riƙe wannan ɓangaren su kuma su tsaya a tara mutane da rakiya.

Sai maganar zaɓe, don ba duk abun da aka tabbatar ne muke buƙata ba. Gwaje-gwaje uku a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda tsakanin 2005 da 2007 sun nuna kaciya na rage wa namiji haɗarin kamuwa daga mace da kusan kashi 60 cikin 100, an zuba kuɗi sosai a kanta a gabashi da kudancin Afirka, mu kuwa wanzamai sun gama mana wannan tun muna yara. Binciken ƙasa na 2018 ya ce kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya, wajen mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya, arewa maso yamma ce mafi ƙaranci da 0.6. Amma binciken 2020 da aka yi a tsakanin mata masu zaman kansu da masu allurar ƙwaya da maza masu neman maza ya nuna kowane rukuni ya haura kashi 10. Ma'ana wutar ba ko'ina take ci daidai ba. Mu kuma ƙungiyoyinmu sun fi son zancen reza da aska da abun yankan farce, don shi ne ba kunya a ciki kuma ba mai zagin ka, alhali ta wannan hanyar ciwon hanta ya fi saurin bi, HIV yawancinta ta kwanciya ce da uwa zuwa ɗa. Ban ce a tilasta wa matasan masallaci su shiga gidan karuwai da kwalin kwaroron roba ba, ba za su yi ba, in sun yi ma ba mai buɗe musu ƙofa, ga doka ga Hisba. Wannan aikin na waɗanda ke cikin rukunin ne da kansu, kamar yanda mata masu zaman kansu na unguwar Sonagachi a Kolkata ta Indiya suka riƙe nasu shirin da aka fara a 1992. Cikin taimakon ƙungiya har da a iya ce mata wannan shirin ba naku ba ne, ga wanda ya dace da ku, maimakon kowa ya rubuta zai iya komai don kar kuɗi ya wuce shi.

Kan malamai kuwa Uganda ta riga ta nuna hanya. Ƙungiyar likitoci musulmi ta ƙasar ta fara horar da limamai da mataimakansu a 1992 suna bi gida-gida, har keke aka ba su don zirga-zirga. Da malaman suka ƙi zancen kwaroron roba ba a yi musu taurin kai ba, aka cire shi a shekarar farko aka ci gaba da zama da su, daga baya da yardarsu aka shigo da shi. Shekara guda ana lallaɓa abu ɗaya, wane mai ba da tallafi ne yau zai yi wannan haƙurin yana jiran rahoton wata uku-uku? A Kano gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a 2024 kan dokar gwaji kafin aure, HIV da ciwon hanta da sikila na ciki, kuma abu ne mai kyau, amma takardar gwaji rabin aiki ce. Wanda aka samu da ita sati biyu kafin ɗaurin aure an kai lefe an buga kati, wa zai zauna da shi? Wa zai faɗa wa iyayen cewa tun 2011 bincike ya nuna fara magani da wuri na rage yaɗa ta ga abokin zama da kashi 96, kuma wanda ƙwayar ta kwanta a jininsa har ba a ganinta a gwaji ba ya sa wa matarsa? Ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar irin na NEPWHAN su suka fi kowa iya wannan zaman, su ne kuma aka fi mantawa da su wajen rabon kuɗi.

Kuɗin ma yanda yake zuwa shi kansa cikas ne. Ana so ƙungiya ta kawo rijistar CAC da asusun banki da rahoton odita na shekara biyu, wani lokacin a ce ku fara kashe naku za a biya ku daga baya, ƙungiyar da ko kuɗin hayar shago da karo-karo take biya. Waɗanda suka iya cike fom su ke samu, waɗanda suka iya shiga gidaje suna kallo. In an yi dace an horar da yarinya ɗaya ta ƙware, shekara ba ta zagayowa babbar NGO ta ɗauke ta, ban ga laifinta ba, amma ilimin ya tafi da ita don mutum ɗaya aka koya wa ba ƙungiya ba. Ga awon da ake yi, mutum nawa kuka isa gare su, sai a cika takarda da sa hannu, wanda ya tara ɗari biyar a fili ya fi wanda ya raka mata goma sha biyu asibiti maki.

Sai ga Janairun 2025, gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, aka ce kowa ya ajiye aiki, daga baya ma aka rushe hukumar ba da tallafin wato USAID. PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, da ke ɗauke da kaso mai tsoka na wannan aikin tun 2003 an bar mata ɓangaren ba da magani, amma rigakafi ya sha kashi, ƙwayar kariya ta PrEP ma aka taƙaita ta ga masu ciki da masu shayarwa. Najeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe giɓin, amma hankali duk ya tafi kan kar magani ya yanke, wanda haka ya kamata, su kuwa masu bi gida-gida da alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba su aka fara sallama. Kayan aro ba ya rufe katara. Ƙungiyar da aikin ya shiga cikin abun da take yi dama, darasin Islamiyya ko taron tasha ko adashe, tana da abun da za ta ci gaba da shi, wacce aka kafa don furojet kuwa kwaɗo ne a ƙofa.

Yanzu ana ta murnar lenacapavir, allurar kariya daga HIV da ake yi sau biyu a shekara, kuma ta cancanci murna, a gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Uganda cikin mata sama da 2,000 da aka yi wa ba wacce ta kamu, WHO ta amince da ita a Yulin 2025, an kuma yi yarjejeniyar samar da mai araha a wajen dala 40 a shekara daga 2027. Wasu har sun fara cewa an huta da ƙungiyoyi da surutunsu, allura ta zo. Su tuna ƙwayar PrEP ma tana aiki, amma manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi da matan Afirka, FEM-PrEP da VOICE, ba su nuna amfani ba saboda da aka duba jinin matan sai aka ga yawancinsu ba sa sha. Su kuma tuna wannan ƙasar ce ta Trovan, maganin da kamfanin Pfizer ya gwada a kan yara a Kano a 1996, ita ce ta ƙin rigakafin shan inna a 2003, inda har yau in ka ce wa lafiyayyen mutum zo a yi maka allura kyauta daga Amurka tambayar farko ita ce me suke nema a wurinmu. Sai an samu wanda zai amsa wannan tambayar a zaure da Hausar da aka yarda da ita, wanda zai san wace ce ke cikin haɗari ba tare da ya tona mata asiri ba, kuma bayan wata shida, lokacin da ta canza layin waya ta koma gidan yayarta a wani gari, ya san ƙofar da zai buga ya ce mata lokacin ta biyun ya yi.